Cinikin Biri a Sama

A da, idan saurayi ya zo zance, unguwa ce take fara ganinsa kafin budurwa. Zai tsaya a ƙofar gida bayan isha'i, ya samu yaro ya aika: je ka ce ana sallama da wance. Kafin yaron ya fito, mai shayin bakin layi ya gan shi, dattawan da ke kan dakali sun ƙare masa kallo, wata maƙwabciya ta leƙo ta saman katanga. Washegari ba sai an tambaya ba, wani zai ce ai ɗan gidan wane ne na Fagge, ubansa yadi yake sayarwa a Kantin Kwari. Kafin mako ya zagayo an san sana'arsa, an san ko ya taɓa aure, an san da su wa yake zama a majalisa. Samarin wancan lokaci sun tsani wannan sa-ido, kuma ba a rasa gaskiyarsu ba, don ya raba masoya da yawa a kan dalilan da ba su taka kara sun karya ba. Amma yana yin wani aiki guda da ba a cika lura da shi ba. Duk wanda ya tsaya a ƙofar gidan mutane ya ajiye sunansa da sunan gidansu jingina. Idan ya yi wasa da 'yar mutane, akwai ƙofar da za a je a ƙwanƙwasa.

Wannan jinginar ce waya ta ɗauke, ƙannena, kuma a kanta nake so mu tsaya. Tun da layukan salula suka shigo Nijeriya a 2001 zance ya fara ƙaura daga soro zuwa kunne, da kiran dare na kyauta da ake kwana a kai har kiran assalatu. Sai ga 2go da BlackBerry, sai Facebook da WhatsApp, yau kuma Instagram da TikTok. Yanzu mutum yana iya shekara yana neman yarinya babu wanda ya taɓa ganin ƙeyarsa a layinsu. Sunan da ya ba ta shi ya zaɓa, hoton shi ya zaɓa, garin da yake zaune da aikin da yake yi duk daga bakinsa ta ji. Ran da ya gaji, dannawa ɗaya zai yi ya toshe ta, ya cire layin ya jefar, sai ta neme shi sama ko ƙasa ta rasa.

Kada ku ɗauka ina cikin masu cewa duk auren da ya faro daga waya ba shi da albarka. Akwai gidaje masu zaman lafiya, cike da 'ya'ya, da asalinsu sallama ce a ƙarƙashin wani rubutu a Facebook. Sanin juna daga nesa ma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Iyayenku sun san 'yan zaɓe, masu aika gaisuwa a shirin Zaɓi Sonka na rediyo, da suka haddace sunayen juna tun ba su taɓa haɗa ido ba. Sun san wasiƙar da ake fesa wa turare a ba ƙaramin yaro ya kai. Sun san masu dalilin aure, da har yau suke yawo da hotuna a jaka a Kano da sauran birane. Sannan akwai waɗanda waya ta zame musu rahama: bazawarar da ke zaune a gidan yayanta ba ta zuwa ko nan da can, da malamar asibitin da aiki ya kai garin da ba ta san kowa ba, da saurayin kirki da kunya ke ɗaure wa harshe, da 'ya'yanmu na Kumasi da Yawunde da ke son auren gida. Wanda ya ce wa waɗannan su rufe waya su jira, bai san zafin jira ba.

Neman masoyi ta intanet ya fi daɗewa a wajen Turawa. Match.com ya buɗe tun 1995, Tinder kuma ta zo a 2012, daga baya ta fito da salon da ya mamaye duniya: a nuno maka hoto, in ya yi maka ka shafa dama, in bai yi ba ka shafa hagu wani ya fito. Wani binciken jami'ar Stanford da aka buga a 2019 ya nuna cewa cikin masoya mace da namiji da suka haɗu a Amurka a 2017, kashi 39 cikin ɗari a intanet suka san juna, har sun fi waɗanda abokai suka haɗa yawa. Musulmin Ingila ma sun yi tasu, Muzmatch, wadda Shahzad Younas ya kafa, ta koma Muzz a 2022, har da wurin saka waliyyi ya riƙa ganin hirar. Sai dai ku riƙe abu ɗaya game da irin waɗannan kamfanoni: muddin kana nema suna cin riba, ran da aka ɗaura maka aure sun yi asarar mai saye. Mu a nan yawanci ba ta nan muke bi ba. Namu shi ne saƙon sirri a Instagram, da guruf ɗin WhatsApp na tsofaffin 'yan aji, da shafukan haɗa aure inda ake biyan mai shafi ya rubuta: bazawara ce, shekara kaza, fara, doguwa, 'ya'ya biyu, tana son mai addini da sana'a. Ko ta ina aka bi, ido ya riga ya koyi cewa bayan kowane hoto akwai wani hoton, sai zuciya ta kasa zama wuri ɗaya. Shi ya sa za ka ga mutum da 'yan mata goma a waya yana kukan bai samu matar aure ba.

Abin da waya ba za ta taɓa ba ku ba shi ne shaida. An rawaito cewa wani mutum ya zo gaban Sayyidina Umar zai wanke wani a kan cewa mutumin kirki ne. Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne da ya san shigarsa da fitarsa, ya ce a'a. Ko sun taɓa tafiya tare, ya ce a'a. Ko kuɗi ya taɓa haɗa su, ya ce a'a. Umar ya gane cewa a masallaci kawai ya gan shi yana ruku'u da sujada, ya sallame shi a kan cewa bai san mutumin ba. To ku auna da namu. Idan ganin mutum ido da ido a sahu bai isa shaida ba, ina ga wanda abin da kika sani game da addininsa shi ne yana ɗora karatun Ƙur'ani da guntun wa'azi a shafinsa duk Juma'a? Ɗora wa'azi ba ya cin ko sisi sai 'yar data. Tambayoyi ukun nan na Umar duk abu ɗaya suke nema: wanda ya ga mutumin a lokacin da bai shirya a gan shi ba. Shafin sada zumunta kuwa gabaki ɗayansa shiri ne.

Ke ƙanwata, in zuciyarki ta kwanta da wani, babu abin kunya a ce ke kika fara nuna alama. Nana Khadija ce ta aika ƙawarta Nafisa wajen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Amma ki duba abin da ya riga aiken. Dukiyarta ta ba shi ya kai Sham, ta haɗa shi da yaronta Maisara, wanda ya dawo ya ba ta labarin abin da ya gani a hanya. Ga tafiya, ga kuɗi, ga kuma gari guda da ya daɗe yana kiransa amintacce. Haka Fatima 'yar Ƙais, da mutum biyu suka nemi aurenta, ta je neman shawara wajen Manzon Allah, kuma hadisin yana cikin Sahihu Muslim. Ba a yi mata kara ba: aka gaya mata ɗaya ba shi da abin hannu, ɗayan kuma sandarsa ba ta sauka daga kafaɗa, aka nuna mata Usama ɗan Zaidu. Daga nan malamai suka ɗauko cewa faɗin aibin mai neman aure ga wanda ya tambaya ba gulma ba ce. Bincike ke nan, kuma ba zargi ba ne balle a ce an ci mutuncin wani.

Ko tsakanin masu gaskiya biyu, rubutu yana yaudara. A fili mutum ba shi da lokacin gyara fuska: ka faɗi magana, nan take ka ga yadda ta sauka. A waya kuwa yana da minti goma ya rubuta ya goge, ya tambayi aboki, yanzu ma har ya sa manhaja ta tsara masa kalamai. Mai zafin rai ba ya zafi a rubutu, don in ransa ya ɓaci sai ya ajiye wayar. Marowaci ba a gane shi a «kin ci abinci?» Ƙazama ba ta wari a hoto. Wurin da babu bayani kuma, zuciya ce take cikewa da abin da take so, musamman a hirar dare, lokacin da gida ya yi tsit kuma kaɗaici ya fi nauyi. Bayan wata shida sai ka tarar kana son wani mutum da rabinsa kai ka ƙera shi. Ran haɗuwa a soro, kowa ya ji kamar an yi masa musaya, alhali babu wanda ya yi ƙarya. Manzon Allah ya umarci Mugira ɗan Shu'uba ya je ya ga matar da yake nema, don hakan ya fi sa a daɗe tare. Kiran bidiyo ya fi hoto mai filta, amma ko shi bai kai zama a gidansu, ka ji yadda take amsa kiran mahaifiyarta, ko ki ga yadda yake gaida mai gadi.

Saboda haka ni a ganina tsawon hira a waya ba alamar ƙarfin so ba ce. Samarin shaho tun da can akwai su, sai dai na da takalminsa yana cinyewa, aljihunsa yana jin kuɗin toshi, kuma wata rana uban yarinya zai aiko a ce masa ya fito ko ya ba wasu wuri. Na yau yana kwance a kan katifa yake shawagi. Maganinsa kalma ɗaya ce da iyayenmu suka daɗe da sani: turo. Ke ki sa wa abin iyaka a ranki, wata biyu ko uku, ki ce masa ya zo gida a gan shi. Ba ki ce ya kawo lefe ba, zuwa kawai. Mai niyya zai zo, ko da a motar haya ne daga Sakkwato. Marar niyya kuma za ki ji uzuri: aiki ya yi yawa, ana shirin tura shi kwas, mahaifiyarsa ba ta da lafiya, bari ya gama gini. Uzuri ɗaya na kowa ne. Idan suka jeru, amsa ce ya ba ki.

Akwai abubuwa biyu da ba a aikawa ga wanda ba a sani ba, komai daɗin bakinsa: kuɗi da hoton tsiraici. Salon masu damfarar soyayya kusan iri ɗaya ne ko'ina. So mai zafi cikin 'yan kwanaki, kyamarar da kullum a lalace take, sannan wata masifa ta gaggawa: kaya sun maƙale a kwastan, an kwantar da wani a asibiti, an rufe asusun banki. Hukumar FTC ta Amurka ta ce a 2022 kaɗai kusan mutum 70,000 suka kai ƙarar irin wannan, da asarar dala biliyan 1.3, kuma abin takaici akwai hannun 'yan ƙasarmu a ciki, waɗanda EFCC ke gurfanarwa a kai a kai. Batun hoto ya fi muni, don kuɗi ana mayar da shi. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta ya rufe asusun Instagram kimanin 63,000 a Nijeriya na masu karɓar hoton tsiraici su dawo suna neman kuɗi da barazanar watsawa, kuma yawancin waɗanda aka yi wa maza ne, don haka kai ma ba ka tsira ba. A namu garuruwan kuwa ba sai ƙwararren ɗan damfara ba: tsohon saurayi da aka ƙi shi ya isa. Wanda ya ce ki tura don ki nuna kina sonsa, cewa sau ɗaya zai gani ya goge, ki sani akwai wata wayar da za ta iya ɗaukar fuskar tasa wayar.

In kuma ta riga ta faru, kada ki biya. Wanda aka biya sau ɗaya zai dawo. Kada ki goge saƙonninsa, su ne hujja. Ki samu babba ɗaya da kika yarda da shi, yayarki ko gwaggo ko malamarki, ki faɗa, duk da nauyin da bakin zai yi. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta barazana da cin zarafi ta waya, ana kai ƙara wajen 'yan sanda, a jihohin da ke da Hisba kuma ana zuwa can. Ƙarfin mai barazana gaba ɗaya yana cikin shirunki.

Tafiya wajensa kuma babu zancenta. A watan Yulin 2012 wata ɗalibar jami'a ta je Legas bisa gayyatar wasu da ta sani a Facebook, aka kashe ta a ɗakin otal a Festac. A 2017 kotu ta yanke wa biyu daga cikinsu hukuncin kisa. Ba yarinyar ƙauye ba ce da za a ce ba ta waye ba. Mai son aurenki shi yake zuwa inda kike, inda kike da 'yan uwa, da rana tsaka.

Kai kuma ƙanena, kada ka karanta wannan kana gyaɗa kai kamar da mata kaɗai ake. Hoton da ka ɗauka jingine da motar oganka, da «ina harkar kasuwanci» alhali jiran aiki kake, bashi ne ka ci, kuma ran bincike za a zo karɓa. Yarinyar da za ta guje ka don ta ji kana gyaran waya a Farm Centre ta rage maka wahala ne. Ka faɗi abin da kake samu. In kana da mata ka faɗa tun a makon farko, kada ta ji a bakin masu bincike. Kada ka furta aure ga mace huɗu a dare ɗaya don kawai furtawar ba ta da tsada, domin ita ta ɗauka da gaske, wataƙila har ta sallami wani saboda kai. Hirar da ta yi da kai amana ce: ɗaukar hotonta kana nuna wa 'yan majalisa ƙaranta ne. Kuma in ka ga buƙatu sun fara jeruwa tun ba ka san ƙofar gidansu ba, yau kati, gobe anko, jibi wayar ta faɗa ruwa, kai ma ka nemi a ba ka izinin zuwa gida. Mai yiwuwa ma wanda kake tura wa kuɗin gemu gare shi.

Na san abin da ke hana da yawanku kai magana gida: tsoron tambayar «a ina kuka haɗu?» Kada ki yi ƙarya cewa a biki ne, don ƙaryar za ta sa a sassauta bincike a daidai inda ya kamata a tsananta. Ki bi ta hannun wanda ake jin maganarsa, kawu ko inna ko babban yaya. Iyaye ma, in wannan ta kai gare su, su sani cewa duk yarinyar da aka rufe da faɗa don ta faɗi gaskiya, ta koyi ɓoyewa ke nan. Kuma ba duka laifin na waya ba ne. Lefe na akwati goma sha, kayan ɗaki na gasa, dina da kamu, da tonon asalin da addini bai sa ba, su suka tara tuzurai. Da Hisbar Kano ta fara auren zawarawa a 2012 da ango da amarya ɗari, har aka kai 1,800 a watan Oktoban 2023, abin da gwamnati ta ɗauke wa mutane shi ne sadaki da kayan ɗaki. Da yawansu sun riga sun samu juna, kuɗi ne ya tsayar da su.

Idan mai neman ya zo gida, sai a yi binciken da gaske, ba na jeka-na-yi-ka ba. Kada a tsaya a kan mutanen da shi ya nuna. A je unguwarsu a tambayi mai kanti da liman da mai unguwa. A je wurin aikin a ga ko sun san shi. In ya taɓa aure, a ji ta bakin dangin matar da ya saki, don ba a yanke hukunci da jin ɓangare ɗaya. Haka ita ma in bazawara ce. Wanda ya fito daga wani gari, a samu ɗan uwa ya yi takakkiya ya je, kuɗin motar bai kai kuɗin zaman kotu ba. Istihara kuma tare take tafiya da wannan, ba ta maye gurbinsa.

Gwajin jini ku yi shi da wuri, tun so bai yi jijiya ba. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu amosanin jini, wato sikila, kuma idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. A 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Kano, har da ƙanjamau da ciwon hanta da wannan na sikila. Amma doka ana gab da ɗaurin aure take tare mutum, lokacin da an kai kuɗin sa rana an ɗinka anko, rabuwa ta yi wuya. AA ɗin da aka rubuta a shafin haɗa aure ba sakamako ba ne. Ku je asibitin da aka yarda da shi, kowa da wakilinsa, a ɗebi jinin a gabansu.

Wani lokaci binciken zai dawo da abin da ba a so, ko jini ya ƙi haɗuwa, ko kawai a zauna a soro a ji zuciya ba ta kwanta ba. To a rabu kamar mutane. Ɓacewa ba sallama, a bar ɗan Adam yana duba waya dare da rana yana tunanin ko hatsari aka yi, zalunci ne ko da ba a taɓa haɗuwa ba. Ka kira ka faɗa da bakinka, in magana ta riga ta je wajen manya a koma ta wajensu. Abin da aka karɓa da sunan aure a mayar. Hotunanta da saƙonninta ka goge su, har waɗanda suka hau ma'ajiyar intanet ba ka sani ba, kuma abin da masu bincike suka tono game da gidansu ya tsaya a tsakanin waɗanda suka ji.